Ɗalibai masu son aikin sa kai a wurin raba kayan sawa na yara, ku karanta kafin ku sake tambayata

Ana biya?

A'a. Ko sisi.

To me zan riƙa yi?

Ware kaya. Buhu ya zo a zazzage shi a tebur, na jarirai gefe, na 'yan makaranta gefe, na sanyi gefe, a duba, a ninke, a jera. Da yawanku kuna zuwa da tunanin za ku riƙa miƙa wa yara riga hannu da hannu suna murmushi, to ku sani sau da yawa ko yaron ba za ku gani ba, iyaye ne ke zuwa karɓa.

Zan iya ɗaukar hoto in sa a Instagram?

Da buhunan kaya, ɗauki son ranka. Da fuskar yaro ko ta uwarsa, haba dai. Mace ta danne kunya ta zo neman kayan ɗanta, kai kuma za ka watsa ta duniya don a ce maka sannu da ƙoƙari?

Ban iya komai ba, za a karɓe ni?

Ka iya ninke riga ai. Kwantar da hankalinka, rana ɗaya za ka kama.

Lambar da ke wuyan riga fa, na ga 98, na ga 104?

Tsayin yaro ne a santimita, ba shekaru ba. 104 kamar ɗan shekara huɗu kenan. Wasu kamfanonin kuma shekarun suke rubutawa kai tsaye.

Riga mai kyau ce amma da ɗan tabo ko ɗan yagewa, in ajiye ko in fitar?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a yi, kuma gaskiya ba amsa ɗaya gare ta ba. Ya danganta da inda tabon yake, da irin rigar, da kuma abin da ke ƙaranci a lokacin. Tabon abinci a gaban rigar jariri in wanki zai fitar da shi, ajiye. Tabon da ya bi jiki a ƙirjin rigar ɗan shekara goma da zai shiga cikin abokansa da ita, ni dai fitarwa nake, don yara ba sa raga wa juna wajen tsokana. Amma rigar sanyi mai kauri da tabon yake ta ciki ko can ƙasan hannu, kuma ga sanyi ya matso ba mu da isassu, to nan sai a yi shawara, ba zan ce ka jefar ba. Ɗinkin da ya kwance ana gyarawa in akwai mai allura a ranar, zif da ya mutu kuwa yawanci wahalarsa ta fi amfaninsa. Inda ba na sassauci shi ne maɓallin da ke lilo a kayan jarirai, yaro zai cire ya haɗiye, da igiyar da ke wuyan riga mai hula ta ƙananan yara, tana iya maƙalewa ta shaƙe shi, a zare ta. In ka rasa yadda za ka yi, tambayi kanka ko za ka sa wa ƙaninka ita ya fita. In har yanzu kana kokwanto, ajiye gefe ka kira wanda ya riga ka daɗewa, wani lokacin mu ma sai mun yi musu a kai.

Kamfai da safa?

Sababbi kawai.

Ina tsoron ƙwarƙwata da ƙazuwa.

Sa safar hannu, wanke hannu in ka gama. Kayan da ake zargi ana wanke su da ruwan zafi digiri 60, kar ka haɗa su da sauran.

Jarabawa ta zo, zan iya hutawa?

Karatunka ne gaba. Amma faɗa da wuri, ba ka ɓace ba waya ba saƙo, a bar mutum ɗaya da buhuna har rufi.

Za a ba ni takardar shaida?

Wanda ya yi aiki ana rubuta masa. Wanda ya zo sau ɗaya ya zauna yana danna waya, kar ma ya tambaya.

Na ga wata riga da za ta yi wa ƙanwata daidai.

Ninke ta ka mayar inda ka ɗauko.