Monorel na Las Vegas

Monorel na Las Vegas jirgin ƙasa ne mai dogo ɗaya da ke tafiya a bisa ginshiƙan kankare a jihar Nevada ta Amurka. Tsawon layinsa kilomita 6.3 ne, tashoshinsa bakwai. Duk da sunan da ya ɗauka, layin ya ratsa ne ta unguwannin Paradise da Winchester, waɗanda a hukumance ba sa cikin birnin Las Vegas.

Tarihi

Asalinsa wani ɗan gajeren layi ne da aka buɗe a 1995 tsakanin otal ɗin MGM Grand da na Bally's, tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Jiragen da suka fara aiki a kansa tsofaffi ne guda biyu da aka sayo daga wurin shaƙatawa na Walt Disney World da ke Florida, kuma kyauta ake hawa. Wajen 2002 aka dakatar da shi domin a tsawaita layin.

An buɗe sabon layin ranar 15 ga Yuli, 2004, bayan an kashe kimanin dala miliyan 650, akasari bashin da aka ciwo ta hanyar sayar da takardun lamuni. Murna ba ta daɗe ba. Ko wata biyu ba a cika ba sai wasu sassan jiragen suka riƙa ɓallewa suna faɗowa ƙasa, lamarin da ya sa aka rufe layin a watan Satumba, ba a sake buɗe shi ba sai dab da ƙarshen Disamba. Fasinjoji ba su kai yawan da aka yi hasashe ba, kuɗin tikiti kuwa ya kasa biyan bashi. A Janairun 2010 kamfanin da ke gudanar da shi ya je kotu ya bayyana karyewar jarinsa.

Annobar korona ta sake tsayar da shi a Maris na 2020. A ƙarshen wannan shekara hukumar kula da taruka da baƙi ta Las Vegas ta saye shi a kan kusan dala miliyan 24, wato abin da bai kai kashi huɗu cikin ɗari na kuɗin gininsa ba. Ya koma aiki a Mayun 2021.

Hanya da tashoshi

Layin ya tashi daga MGM Grand a kudu ya tsaya a otal ɗin Sahara a arewa. A tsakani akwai tashoshi biyar, akasari masu sunayen otal-otal: Horseshoe/Paris, Flamingo, Harrah's/LINQ, babban zauren taro, sai Westgate. Ba a kan shahararren titin nan da ake kira Strip yake bi ba, ta bayan otal-otal ɗin gabashin titin ya zagaya. Saboda haka mai son hawa kan yi doguwar tafiya ta cikin gidan caca kafin ya iske tasha, kuma abin da ya fi gani ta taga shi ne rufin gine-gine da garejin motoci. Ranakun manyan taruka, irin baje kolin kayan lantarki na CES da ake yi duk Janairu, su ne lokacin da amfaninsa ke fitowa fili, domin yana wucewa ta saman cunkoson motoci.

Jirage

Kamfanin Bombardier ne ya ƙera su. Guda tara ne, kowanne da tarago huɗu, babu direba, kwamfuta ke sarrafa su. Suna hawa dogon kankare ne kamar mahayi a kan sirdi, da tayoyin roba a sama da gefe. Daga farkon layi zuwa ƙarshe minti 15 ne ko ƙasa da haka kaɗan.

Taƙaddama

An sha tsara kai layin filin jirgin sama da kuma otal ɗin Mandalay Bay, amma ba a gina ko ɗaya ba. Wasu na ɗora laifin kan adawar masu tasi, wasu kuma kan rashin kuɗi.