Shiga Aikin Ɗan Sanda: Amsoshin Tambayoyin da Samarin Katsina Ke Kawo Mini

Ni malamin sakandare ne a cikin birnin Katsina. Duk lokacin da aka ji an buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda, zaurena ba ya rabuwa da baƙi daga la'asar har zuwa isha'i. Tsoffin ɗalibaina ne, wani da takardunsa a cikin baƙar leda, wani ya taho da mahaifinsa. Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗanda ake korowa daga wurin tantancewa ba don sun kasa aikin ba ne. Abubuwa ne ƙanana da za a iya gyarawa tun watanni kafin a buɗe shafin, amma ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Malam, wa ke ɗaukar 'yan sanda, kuma nawa ake sayar da fom?

Ba a sayar da shi. Kyauta ne, a intanet ake cikawa, kuma abin da za ka kashe bai wuce ladan mai shagon kwamfuta da kuɗin buga takarda ba. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke da ikon ɗaukar kurata, tare da haɗin gwiwar rundunar. An daɗe ana ja-in-ja tsakaninsu a kan wannan iko, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yulin 2023, ta ce na hukumar ne. Saboda haka sanarwar da za ka yarda da ita ita ce wadda ta fito daga hukumar ko daga rundunar, ba wadda wani ya turo maka a WhatsApp da lambar asusun banki a ƙasa ba.

Waɗanne sharuɗɗa ake nema?

Ga mai neman zama ƙaramin ɗan sanda na aikin gama-gari, sharuɗɗan da aka saba sanarwa su ne: ka kasance haifaffen Nijeriya, shekarunka daga 18 zuwa 25, kana da lambar NIN, kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace mita 1.64. Ƙirjin namiji idan ya ja numfashi ya kai santimita 86. Kada kotu ta taɓa kama ka da laifi. Ana kuma duba gwamen ƙafa, da ƙafar da ta lanƙwashe kamar baka, da tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe, da in'ina, da raunin gani.

Akwai kuma gurbin masu sana'a, irin su direbobi, makanikai, masu aikin asibiti da mabusa badujala. Nasu sharuɗɗan sukan ɗan bambanta, sai a karanta sanarwar shekarar da kyau.

Shawarata ta farko: kafin ka kashe ko sisi, je ka kemis ko asibitin unguwarku a auna tsawonka ba takalmi. Idan ka gaza, ka sani tun a gida.

Takarduna sun cika, amma sunana a NIN ya ɗan bambanta da na WAEC. Zai hana?

Nan ne zan tsaya, domin nan ne 'ya'yanmu suka fi faɗuwa.

Akwai wani yaro da na koyar tun aji ɗaya, dogo, mai natsuwa, wanda ko wane ma'auni aka kawo zai haye. Ya zo da takardunsa muka baje su a kan tabarma. Takardar firamare ta ce an haife shi a 2001. Ta WAEC ta ce 2003, domin lokacin rajista wani ya ga ya dace a rage masa. Katin NIN kuwa ya ɗauki sunan kakansa a matsayin sunan ƙarshe, alhali sauran takardun duk sunan mahaifinsa ne a kai. Mutum ɗaya, takardu uku, kowace da nata labarin. Jami'in da ke tantancewa bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma akwai ɗaruruwan mutane a layi bayanka. Takarda kawai yake kallo.

Wannan matsala tamu ce ta musamman a ƙasar Hausa. Da yawa ba a karɓar mana takardar haihuwa ranar suna, sai an tashi shiga makaranta a ƙiyasta. Muna amsa suna biyu, na yanka da na gida. Muhammad ɗaya ana rubuta shi iri huɗu ko biyar da haruffan boko. Wani ya sa sunan garinsu a wata takardar, ya bar shi a wata.

Abin yi shi ne ka jera su duka yau: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, shaidar gama firamare, sakamakon sakandare, NIN, da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Karanta su harafi bayan harafi. In akwai saɓani, gyaran NIN a ofishin hukumar katin ɗan ƙasa ake yin sa, kuma yana cin lokaci. Wanda ya bari sai an buɗe shafi sannan ya fara zirga-zirga, sau da yawa shafin kan rufe bai gama ba. Kuma don Allah kada ka bari wani ya "gyara" maka sakamako a shago. Ana bincikar sakamakon daga hukumar jarrabawar, kuma takardar jabu ba kora kawai take jawowa ba, tana iya kai mutum gaban alƙali.

Abu na ƙarshe: lambar waya da adireshin imel da za ka saka su zama naka na kanka. Na ga wanda aka gayyata tantancewa, saƙon ya shiga imel ɗin mai shagon da ya cika masa fom, bai ji labari ba sai da aka gama.

Yaya ranar tantancewa take?

A jiharka ta asali ake yi, a wurin da rundunar jiha ta sanar, kuma akan raba ranaku bisa ƙananan hukumomi. Akan ce a zo da farar riga mai gajeren hannu, farin gajeren wando da farin kambas, da takardu na asali da kwafinsu a jere cikin fayil, da hotunan fasfo, da takardar da ka buga bayan cika fom, da fom ɗin masu tsaya maka.

Na taɓa raka wani ɗan ƙanwata lokacin hunturu. Tun kafin gari ya waye layi ya miƙe, samari cikin fararen kaya suna ta karkarwa, kowa ya rungume fayil ɗinsa a ƙirji. Idan aka zo awo, sai ka cire takalmi ka jingina da ma'auni, a ce ka haɗe ƙafafu, ka miƙa hannuwa ka buɗe yatsu, a zagaya ƙirjinka da tef. Wani na gani yana ɗan ɗaga dunduniya, jami'in ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi ƙasa ba tare da ya ce uffan ba. Ka karya kumallo kafin ka fito, ka riƙe ruwa, domin kana iya wuni a tsaye.

Masu tsaya maka kuwa ba kowa ake karɓa ba. Akan nemi mutane irin su masu riƙe da sarauta, alƙalin majistare, shugaban ƙaramar hukuma, shugaban makarantar da ka yi, ko babban ma'aikacin gwamnati. Ka je musu da wuri cikin ladabi, ta hannun mahaifinka ko mai unguwa, ba ranar jajibiri ba.

Ba ni da kowa a sama. Ba ɓata lokacina zan yi ba?

Ba zan ce maka babu son kai a ƙasar nan ba, kai ma ka san akwai. Amma ka fahimci yadda ake rabon. Guraben ana kasa su ne bisa jihohi da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, mu a Katsina muna da 34. Ɗan Mai'aduwa da 'yan Mai'aduwa yake takara, ɗan Ɓatagarawa da 'yan Ɓatagarawa, ba da mutanen Legas ba. Idan 'ya'yan wuri ba su nema ba, ko suka nema aka zubar da su saboda takardu, sun bar rabonsu da hannunsu.

Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, guje shi. Wani maƙwabcina ya sayar da tumakinsa biyu da ya tanada don Babbar Sallah, ya miƙa wa wani mutum da ya ce yana da hanya. Sunaye suka fito babu na ɗansa, wayar mutumin kuma ta daina shiga. Har yau idan aka ta da zancen sai ya sunkuyar da kai, kuma abin yana ci mini rai, domin yaron da an bar shi ya bi layi, da wataƙila ya samu.

Jarrabawar fa?

A kwamfuta ake yi, kuma a ɗaukar da aka yi a shekarun baya JAMB ce ta shirya ta. Turanci ne da Lissafi da sanin al'amuran ƙasa, daidai matakin sakandare. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya je shago ya biya kuɗin awa biyu ko uku ya koyi danna amsa da wucewa tambaya ta gaba. Lokaci ne ke kayar da mutane, ba wuyar tambayoyin ba.

Me ake dubawa a gwajin lafiya?

Jini, fitsari, hawan jini, ido da sauran jiki. Ina so in yi magana a fili da ƙannena: wanda ya san yana shan ƙwaya ko wiwi ko maganin tari don maye, fitsarinsa zai tona shi. Ya nemi taimako ya daina, don kansa kafin don aiki. Wanda kuma bai taɓa gwajin ciwon hanta ba, ya je ya yi tun yanzu, domin mutum kan ɗauke shi shekaru bai sani ba.

In an ɗauke ni, ina za a kai ni, kuma yaya zan shirya?

Akwai manyan kwalejojin 'yan sanda a Kaduna, Maiduguri, Ikeja da Oji River, da makarantun horo a garuruwa irin su Sakkwato, Bauchi, Minna da Ilori. A 'yan shekarun nan horon kurata wata shida ne.

Rayuwar kurtu tun kafin asuba take farawa: gudu, motsa jiki, sannan fareti a rana har sai ƙafa ta koyi jin umarni kafin kai ya yi tunani. Bayan haka akwai aji, kuma wannan ne samari ba sa zato. Za a koya maka Dokar 'Yan Sanda ta 2020, dokokin laifuka, haƙƙin wanda aka kama, yadda ake ɗaukar bayanin mai ƙara a rubuce, da yadda ake kwance bindiga a haɗa a kuma yi harbi. Za a yi maka aski ƙwal, gemu ma ba a bari, gara ka san da wannan tun kana gida.

Shiri kuwa ba ya son gaggawa. Fara da sassarfa bayan sallar asuba, kilomita biyu, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Masu kusa da filin wasa na Muhammadu Dikko ko filin Folo sun samu wuri. Ka saba da gudu da takalmi, domin ƙafar da ta girma cikin silifa tana yin bororo a makon farko na but. Ka koyi wanke kayanka da guga da kanka, ka rage daren hira da waya. Kuma ka riƙa rubuta shafi ɗaya na Turanci kullum, ko labarin abin da ka gani a kasuwa ne, domin rabin aikin caji ofis rubutu ne.

Mata fa, Malam? Da ɗankwali za a bar mu?

Ana ɗaukar mata, da sharaɗin ba su da juna biyu lokacin ɗauka. Tun a watan Maris na 2022 Sufeto Janar na lokacin, Usman Alkali Baba, ya amince 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hularsu. Ni ina ganin muna buƙatarsu ƙwarai. Matar da aka ci wa zarafi, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ta fi iya buɗe baki a gaban 'yar'uwarta mace mai jin Hausa.

Mene ne bambancin wannan da Wudil?

Makarantar 'yan sanda ta Wudil a jihar Kano jami'a ce. Ta JAMB ake shiga, a yi shekara biyar, a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Shi kuwa kurtu daga ƙasa yake farawa, ya zama kofur, saje, sufeto, a hankali. Wanda sakamakonsa ya yi kyau kuma yana da ƙuruciya, ya gwada Wudil tukuna. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 kuwa ta jiha ce, ɗaukarta dabam.

Mahaifiyata ta ce ba ta yarda ba. Me zan ce mata?

Kada ka yi mata musu, tana da hujja. Ta ji abin da ke faruwa a Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, ta san 'yan sanda na cikin waɗanda ake rasawa. Ta kuma ji irin maganar da mutane ke yi a kan masu karɓar na goro a bakin hanya, ba ta son a haɗa ɗanta da su. Aikin na tarayya ne, ana iya tura ka ko'ina, kuma shekara 35 ake yi ko a kai shekara 60 da haihuwa. Duk wannan ka faɗa mata gaskiya, kada ka ɓoye.

Sannan ka tuna mata cewa aikin nan ba baƙo ba ne a garin nan. Sarki Usman Nagoggo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Muhammadu Dikko Yusufu ya riƙe Sufeto Janar daga 1975 zuwa 1979, Ibrahim Coomassie kuma daga 1993 zuwa 1999, dukansu Katsinawa. Ka samu kawunka ko wani dattijo da take jin nauyinsa ku zauna tare, in da hali da wani tsohon ɗan sanda na unguwa da aka shaida da mutunci, ta yi masa tambayoyinta da bakinta. In ta amince, ka nemi ta sa maka albarka kafin ka cika fom. In kuma ta ce ka dakata, duba shekarunka: mai 19 ko 20 yana da sauran damar ɗauka ta gaba, sai ya yi amfani da lokacin ya daidaita takardunsa ya ci gaba da gudun asuba.