Dala 150,000 Na Jiran Lamba Ɗaya: Ga Sharuɗɗan Karɓar Ta

Ɗaliban lissafi na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, da malaman sakandare masu kwamfuta a gida, ya kamata ku san wannan. Ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara gano lambar firam mai alƙaluma miliyan 100. Lambar firam ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta, kamar 7, 13 da 31.

An riga an karɓi kyautuka biyu a baya: dala 50,000 a 2000 kan alƙaluma miliyan 1, da dala 100,000 a 2009 kan lamba mai alƙaluma 12,978,189 da aka gano a jami'ar UCLA ta Amurka.

Babban sharaɗin, wanda ni ya fi burge ni, shi ne ba a karɓar "mai yiwuwa". Dole a kawo hujja tabbatacciya, a bayyana hanyar da aka bi, a kuma buga sakamakon a mujallar da masana ke tantance abin da ke shiga cikinta. Ko da gwajinka ya nuna kusan babu shakka, kusan bai wadatar ba.

Shi ya sa masu nema suka raja'a kan lambobin Mersenne, waɗanda aka sa wa sunan wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. Ga yadda ake samun su. Ka jera 2 kana ninkawa sau kaza, sannan ka cire 1. Sau 5 zai ba ka 32, cire 1 saura 31. Ƙa'ida ta farko: dole yawan ninkin ya zama firam shi ma. Amma hakan bai isa ba. Sau 11 yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin Lucas-Lehmer. Mu gwada da 31. Fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2, ka samu 14. Maimaita: 196 cire 2, 194, raba da 31, ragowa 8. Maimaita: 64 cire 2, 62, raba da 31, babu ragowa. Ana yin zagayen ne sau yawan ninkin ban da biyu, wato 3 a nan. Sifili a ƙarshe na nufin firam ce, ba tantama. Ɗan aji uku na iya wannan da biro, kuma ainihin abin da manyan kwamfutoci ke yi ke nan.

Mafi girma da aka gano a Oktoban 2024 tana da alƙaluma 41,024,320, ta 52 a jerin Mersenne da aka sani. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na NVIDIA, ya samo ta ta GIMPS, shirin masu sa kai na neman waɗannan lambobi da kwamfutocinsu, wanda George Woltman ya kafa a 1996. Gwajin farko ya ce mai yiwuwa. Sai da Lucas-Lehmer ya tabbatar aka sanar.

Manhajar GIMPS kyauta ce, amma wanda ya shiga ya amince da rabon kyautar: kashi ɗaya cikin uku ne nasa, wato dala 50,000. Sababbin lambobin firam na Mersenne da ba su kai alƙaluma miliyan 100 ba kuwa, GIMPS na biyan dala 3,000. Gwajin lamba ɗaya cikin irin waɗannan manyan lambobi kan ci kwanaki, makonni ko fiye, kwamfuta na aiki, don haka a nan Bauchi mai sola da batir ne zai fi jure shi.