'Yan mazan jiya a bakin titi: me ƙungiyoyin addini ke yi musu a Amurka?

Da gaske akwai tsohon sojan Amurka da ke kwana a titi?

Akwai, da yawa kuwa. Kowace shekara a watan Janairu, ma'aikatar gidaje ta ƙasar, HUD, takan sa a ƙirga marasa matsuguni a dare ɗaya. A ƙirgar 2024 an samu 'yan mazan jiya 32,882, wasu a ɗakunan kwana na wucin gadi, wasu a cikin mota, tanti ko ƙarƙashin gada. A 2010 sun kai kusan 74,000, ke nan an rage fiye da rabi. Ci gaba ne babba, amma mutum dubu talatin da suka taɓa sa kaki ba abin da za a kawar da kai ba ne.

Me ke kai mutum ga wannan hali bayan ya bauta wa ƙasa?

Ba kasafai abu ɗaya ke kayar da shi ba. Soja ya saba da rayuwar da aka tsara masa komai: wurin kwana, abinci, lokacin tashi, da abokan da ke tsare masa baya. Ranar da aka sallame shi, duk wannan ya tafi lokaci guda. Wani ya dawo da firgicin yaƙi da ke hana shi barci, wani da rauni a ƙwaƙwalwa daga ƙarfin fashewar bam, wani da ciwon da ya saba masa da ƙwayoyi. Sai aiki ya kuɓuce, aure ya mutu, ga tsadar haya a birane irin Los Anjalas. Kuma an hore shi da ya daure, don haka miƙa hannu yana masa nauyi. Sau da yawa ba a sanin halin da yake ciki sai ruwa ya kai masa wuya.

To ba aikin gwamnati ba ne? Ina ruwan majami'u?

Aikinta ne, kuma mafi yawan kuɗin daga gare ta suke fitowa. Shirin HUD-VASH, wanda aka faɗaɗa a 2008, yana ba tsohon soja takardar tallafin haya tare da ma'aikacin da zai riƙa bibiyar lafiyarsa daga ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, VA. Sai dai gwamnati ba ta da gado da tukunya a kowace unguwa. Shi ya sa VA ke biyan ƙungiyoyi masu zaman kansu su riƙe gidajen zama na wucin gadi, kuma da yawa cikinsu na addini ne: Salvation Army, wadda William Booth ya kafa a Landan a 1865, Volunteers of America, wadda ɗansa Ballington da matar Ballington ɗin, Maud, suka kafa a 1896, da Catholic Charities ta mabiya ɗarikar Katolika. Waɗannan sun daɗe suna ciyar da talakan birni, sun san lungunan da ma'aikacin ofis bai sani ba.

Ƙananan majami'u kuma suna yin abin da ya sawwaƙa: abinci, bargo, wurin wanka, ko gado da tukwane ga wanda ya samu ɗaki amma ba komai a ciki. Sukan fito taron da ake kira Stand Down, wanda tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam suka faro a San Diyego a 1988, inda ake tara likita, lauya da mai aski wuri guda domin waɗanda ke titi.

Ba a tilasta wa mutum sauraron wa'azi kafin a ba shi abinci?

Ya danganta da inda kuɗin suka fito. Ƙa'idar gwamnatin tarayya a fili take: ƙungiyar da ta karɓi kuɗinta kai tsaye ba za ta kashe su a ibada ko wa'azi ba, dole ta raba waɗannan da aikin taimako, ko a lokaci ko a wuri, kuma ba ta da ikon korar mabuƙaci saboda addininsa ko don ya ƙi shiga addu'a. An faɗaɗa wa ƙungiyoyin addini ƙofar samun kuɗin gwamnati da wata doka ta 1996, sannan Shugaba George W. Bush ya kafa musu ofishi na musamman a fadarsa a 2001. Amma gidajen da ke rayuwa da sadakar mabiya kawai suna da damar sa nasu sharuɗɗa, kuma akwai masu neman a halarci addu'a. Ni dai ban ga dacewar haka ba. Mai jin yunwa zai ce amin ga duk abin da aka faɗa, wannan kuwa ba imani ba ne. A ba shi abinci, a bar ƙofar ɗakin addu'a a buɗe.

Akwai abin da suke iya yi wanda gwamnati ba ta iyawa?

Nan ne amfaninsu ya fi fitowa. Na farko, taimakon VA yana bin takardar sallama. Wanda aka kora daga soja da mummunan suna yakan rasa wasu haƙƙoƙi, alhali wataƙila ciwon yaƙin ne ya jawo laifin. Coci mai aiki da kuɗinta ba ta buƙatar ganin takarda.

Na biyu ya fi zurfi. Likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay, wanda ya yi shekaru yana duba tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam a Boston, ya yi bayanin wani ciwo da ya bambanta da firgici: raunin lamiri. Mutum ya aikata, ko ya gani, ko shugabanninsa sun sa shi abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne, sai ya wayi gari yana ganin bai cancanci alheri ba. Tambayarsa ita ce ko za a yafe masa. Tuba da gafara harshen addini ne, kuma malami ko fasto mai haƙurin saurare, wanda ba ya gaggawar yanke hukunci, yana iya kaiwa inda allura ba ta kaiwa. Wannan ba ya maye gurbin likita. Ƙungiya ta gari takan kai mutum asibiti, ta jira shi a bakin ƙofa.

Sai kuma kaɗaici. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne a fara ba mutum gida kafin a nemi ya daina shaye-shaye, kuma ya taimaka ƙwarai wajen rage adadin. Amma wanda ya yi shekara biyar cikin jama'ar titi, idan ya rufe ƙofa ya ji shiru, shirun kan yi masa nauyi har ya koma inda ya fito. Jama'ar da za su lura ba ya nan ran Lahadi ko ran Juma'a, su je su ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba a sayen su da kasafin kuɗi.

Musulmin Amurka fa?

Suna ciki, ko da yake cibiyoyinsu ba su kai na Kirista yawa da daɗewa ba. Islamic Relief USA takan shirya ranar raba abinci, tufafi da duba lafiya ga marasa matsuguni a birane daban-daban, ba tare da tambayar addinin kowa ba, masallatai da dama kuma suna da rumbun abinci. Tsohon sojan da ya zo layi, a matsayin mabuƙaci ake karɓarsa, ko a Iraƙi ya yi yaƙi ko a Afganistan.