Gano Cutar Sikila da Samun Kulawarta a Kano

Sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, cuta ce ta gado da ke shafar jajayen ƙwayoyin jini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: ƙiyasin da aka daɗe ana ambatawa daga Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar. Kano, da yawan jama'arta da yawan haihuwarta, tana ɗauke da babban kaso na wannan nauyi, kuma a asibitocinta ne aka gudanar da wasu daga cikin muhimman binciken da suka sauya yadda ake kula da yara masu cutar a Afirka. Yau gano sikila ba abu ne mai wahala ba. Abin da ya rage shi ne yaushe ake yin gwajin, da kuma abin da ke biyo bayan sakamakon.

Asalin cutar da yadda ake gadonta

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai sinadarin haimogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta sassan jiki. Na yawancin mutane shi ake yi wa laƙabi da A. Na sikila kuwa, S, ya bambanta da shi ne a wuri guda tak cikin ginin sinadarin, amma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci. Ƙwayar da ta lanƙwashe tana toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Ba ta kuma daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da mai ita.

Likita James Herrick ne ya fara bayyana cutar a rubuce a Chicago a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa laifin yana cikin haimogulobin ɗin kansa, a 1956 kuma Vernon Ingram ya gano ainihin wurin da sauyin yake. Tsakanin nan, a 1954, Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da S guda ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawaitar wannan gado a ƙasashen da sauro ya yi katutu.

Yaro yana gadon nau'in haimogulobin ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS, wato wanda ya gaji A ɗaya da S ɗaya, lafiyarsa ƙalau, galibi bai ma san yana ɗauke da komai ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. A nan ake yawan yin kuskuren lissafi, ana cewa "ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai yi", kamar rabon gado. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin, don haka gida ɗaya na iya samun uku a jere masu cutar, wani gidan kuma 'ya'ya takwas ba ko ɗaya. Akwai kuma nau'in cutar da ake kira SC, inda S ke haɗuwa da wani haimogulobin mai laƙabin C, wanda ya fi yawa a kudu maso yammacin Najeriya.

Yadda take fara bayyana

Jaririn da aka haifa da SS ba a ganin komai a jikinsa ranar suna. Jinin da ya zo da shi daga ciki, mai haimogulobin nau'in F, yana kare shi har zuwa wata biyar ko shida. Da wannan kariya ta fara janyewa sai a ga bayan hannu da bayan ƙafa sun kumbura, yaro yana kuka ba ya yarda a taɓa shi, ido ya yi ɗorawa, zazzaɓi yana zuwa yana komawa. A gida sai a ce haƙori ne, ko shawara, ko sanyi, a kai shi kemis ko a nemo saƙe-saƙi. Hatsarin yana ga saifa, wadda cutar ke lalatawa tun yaro yana ƙarami, sai ƙwayoyin cuta irin na ciwon huhu da sanƙarau su same shi ba mai tsaro. Yara da yawa suna rasuwa a wannan tsakani ba tare da an taɓa ambaton sikila a kansu ba.

Wani babban ƙiyasi na duniya da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2023 ya fito da wannan ɓoyayyen lamari fili. Ya ce a 2021 mutum miliyan 7.74 ne ke rayuwa da cutar, kuma mace-macen da aka rubuta da sunanta kai tsaye kusan 34,400 ne, alhali waɗanda take da hannu a cikinsu sun kai 376,000. Wato sama da ninki goma suna tafiya ne da sunan zazzaɓi ko ciwon huhu.

Hanyoyin gwaji

Abu na farko da ya kamata a raba shi ne rukunin jini da jinotayif. Rukunin jini (A, B, AB, O) batun ƙarin jini ne. Jinotayif (AA, AS, SS, SC) shi ne batun sikila. Ana yawan haɗa su, har ka ji mutum ya ce shi "O" ne don haka ba shi da matsala.

Tsohon gwaji mafi arha shi ne a ɗiga jini a gilashi, a sa masa sinadarin da ke janye iska, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Aibinsa shi ne ba ya raba AS da SS. Wanda aka fi yi a ɗakunan gwaji na birni shi ne na lantarki: a ɗora jinin a kan wata 'yar takarda ta musamman, a sakar mata wuta, kowane nau'in haimogulobin ya yi tafiyarsa gwargwadon cajinsa, a karanta layukan da suka fito. Gwaji ne mai kyau idan an yi shi da kyau. Idan kuwa sinadaran sun tsufa, ko wuta ta ɗauke a tsakiya, ko ba a jera samfurin da aka san nau'insa a gefe don kwatance ba, sai a ba mai AS takardar AA. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce shi ma sakamakonsa na iya rikicewa, domin jinin wani ke yawo a jikinsa. Ga jarirai sabbin haihuwa kuma wannan hanya ba ta da tabbas, saboda F ya rinjaye komai. Su sai na'urar HPLC ko makamanciyarta, masu tsada da buƙatar ƙwararren ma'aikaci.

Babban sauyin 'yan shekarun nan shi ne gwajin nan-take, irin na zazzaɓin cizon sauro da aka saba gani. Ana huda ɗan yatsa ko diddigen jariri, a ɗauki ɗigon jini, cikin mintuna kaɗan layuka su fito. Biyu daga cikin irin waɗannan gwaje-gwaje, HemoTypeSC da Sickle SCAN, ba sa buƙatar wuta ko firij. Da Sickle SCAN aka gwada yara 'yan ƙasa da shekara biyar a babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, inda aka samu kusan kashi 20 cikin 100 suna da AS, sama da kashi 1 kuma suna da cutar. A 2020 Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a Gwagwalada, inda suka gwada jarirai fiye da 3,000 a layin rigakafi na ƙananan asibitoci. Hikimar a bayyane take: uwar da ta haihu a gida, kamar yadda mata da yawa ke yi a Arewa, ba za a same ta a ɗakin haihuwa ba, amma ana iya samunta ranar allurar BCG ta rigakafin tarin fuka. Akwai kuma Gazelle, ƙaramar na'ura mai batir da ke yin gwajin lantarki cikin ƙasa da minti goma, wadda aka ƙirƙiro fasaharta a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka aka kuma jarraba samfurinta na farko a asibitocin Kano.

Amfanin sani da wuri ba a baki kawai yake ba. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba wa yaro penisilin kullum yana rage mummunar cutar da ƙwayar ciwon huhu ke haddasawa da kashi 84 cikin 100. Sai rigakafi, gidan sauro, folik asid, da koya wa uwa ta riƙa shafa gefen hagu na cikin ɗanta ta ji ko saifa ta kumbura.

Binciken shanyewar jiki a Kano

Jama'a sun ɗauki shanyewar ɓarin jiki ciwon manya masu hawan jini, amma kusan kashi 11 cikin 100 na masu SS kan gamu da ita kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Ana iya hango ta tun ba ta zo ba. Na'urar TCD, mai aiki da amon sauti kamar hoton ciki, ana ɗora bakinta a gefen kan yaro, gaban kunne, ta auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Jijiyar da ta ƙuntace jini yakan bi ta da sauri, kamar tiyo idan an danne bakinsa. Idan saurin ya kai santimita 200 a daƙiƙa, hatsarin shanyewa yana kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara.

A 1998 binciken STOP a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage wannan hatsari da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da dare, yana kiran 'yan uwa a waya su zo a gwada su, ya san ƙarin jini duk wata har tsawon shekaru ba abin da talaka zai iya ba ne. Wannan ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Malam, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka juya ga haidiroksiyuriya, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, mai sa jiki ya koma ƙera wannan F na jarirai. Suka fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN, wanda Dakta Najibah Galadanci ke cikin jagororinsa, don a ga ko iyaye za su yarda kuma yara za su jure shan maganin.

Daga nan aka yi babban, SPRING, a Asibitin Malam da Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata da kuma Barau Dikko na Kaduna. Yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 da na'urar ta nuna suna cikin hatsari aka raba gida biyu, wasu ana ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, ba tare da likita ko iyaye sun san wanda yaro ke sha ba. Sakamakon ya fito a 2022 da sunan Dakta Shehu Abdullahi a gaba: shanyewar jiki ta yi ƙaranci ƙwarai a ɓangarorin biyu, babu bambanci mai ma'ana a tsakaninsu, sai dai masu shan 20 ɗin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Wani darasi da ya fito daga aikin, wanda a ganin mai wannan rubutu bai gaza na maganin ba, shi ne an horar da ma'aikatan jinya su riƙa yin awon TCD, aikin da a da ake jiran likitan hoto ya yi.

Gwaji kafin aure

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a jihar Kano, wanda ya haɗa da jinotayif, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Dokar ta zo da tambayar lokaci. Takardar da aka karɓo bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, da wuya ta hana komai. Sai dai ta jawo ɓacin rai, ko a koma wani ɗakin gwajin a nemo amsar da ake so. Shi ya sa masu wayar da kai ke cewa a san jinotayif tun a makaranta, kafin zance ya yi nisa.

Kuɗi da nisa

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa, amma ɗan kasuwar Kurmi da mai a-daidaita-sahu yawanci a wajen tsarin suke. Ga iyayen mai sikila, kuɗin ba na magani kaɗai ba ne: akwai na mota daga Gaya ko Rano ko Tudun Wada, akwai gwajin ƙidayar jini da ake maimaitawa ga mai shan haidiroksiyuriya, akwai yinin sana'a da aka rasa a layin kati. Yawancin ƙwararrun da na'urorin a cikin birni suke.

Waraka gaba ɗaya akwai ta, ta hanyar dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Sai an samu wanda ɓargonsa ya dace, galibi ɗan uwa ciki ɗaya. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara ƙwayar halitta da fasahar CRISPR don jikin majinyaci ya koma ƙera F da kansa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.