Waiwaye: Daga Bakin Fensir Zuwa Taransistar Gobe

Bakin fensirin da ɗalibi ke rubutu da shi a Katsina girafait ne, wato shimfiɗun kabon da aka jera kan juna. A kaurin milimita ɗaya akwai shimfiɗa kusan miliyan 3. Idan aka ɓare guda ɗaya tak, ita ce girafin, kaurinta ƙwayar zarra ɗaya.

Tun 1947 masanin kimiyya Philip Wallace ya lissafa halayenta a takarda, amma sai 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka raba ta. Da salatif suka yi: a manna a kan girafait, a ɓare, a maimaita, sannan a danna a kan silikon mai rufin oksaid na nanomita 300 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), domin a wannan kaurin madubin ƙara girma ke iya nuna ta. A 2010 suka karɓi kyautar Nobel.

Daga nan aka yi ta cewa silikon, wanda da shi ake ƙera taransistocin waya da kwamfuta, ya gama yayi, girafin za ta gaje shi. An yi gaggawa. Taransista makunni ce, dole ta kunnu ta kuma mutu. Girafin kuwa lantarki na gudu a cikinta ƙwarai, amma ba ta rufuwa ruf. Wuta na ci gaba da tsiyaya, batir ya zuƙe, waya ta ɗau zafi.

Shi ya sa hankali ya koma kan MoS2, sinadarin da ke cikin baƙin giris ɗin da bakanike a Ƙofar Ƙaura ke shafa wa mota. Shimfiɗarsa ɗaya nanomita 0.65 ce, kuma tana rufuwa. A 2011 Andras Kis a Lausanne ta Suwizalan ya ƙera taransista da ita. A 2017 aka haɗa irin waɗannan taransistoci 115 wuri guda a Viyana ta Austriya, a 2025 Jami'ar Fudan ta Sin ta kai 5,900. Wayar hannunka tana da biliyoyi.

Inda gizo ke saƙa shi ne masana'anta. Girafin mai faɗi ana tsirar da ita ne a kan tagulla da iskar mitan a zafin digiri 1,000, sannan a ɗauke ta da roba a mayar kan silikon. A nan take yamutsewa ko ta yage, ragowar roba ta maƙale. MoS2 kuma matsalarta mahaɗa ce: inda ƙarfe ya taɓa shimfiɗar, wuta na cijewa. A 2021 an nuna cewa amfani da ƙarfen bismut a mahaɗar na rage wannan cikas sosai.

A ganinmu, waɗannan shimfiɗu za su fara shiga ne a saman silikon, suna taya shi aiki, kafin a yi maganar maye gurbinsa.