Ciwon kunne daga muƙamuƙi: me robar haƙora ke yi?

An duba kunne an ce lafiyarsa ƙalau, amma bai daina ciwo ba. Ina ruwan muƙamuƙi?

Gaɓar muƙamuƙi tana daf da gaban kunne, kuma jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙon zafi daga wuraren biyu. Tun 1934 likitan kunne James Costen na Amurka ya yi rubutu kan wannan alaƙa. Ɗora yatsa gaban kunnenka ka buɗe baki. Idan wurin ya yi zafi ko ya yi ƙas, ko ciwon na tashi in ka tauna kilishi, goro ko rake, ko ka wayi gari muƙamuƙi a sage, to gaɓar ce abin zargi. Amma in kunne na ruwa, ko da zazzaɓi, ko ji ya ragu, likitan kunne za a fara gani.

Yaya ake yin robar?

In gaɓar ce ke jawo ciwon, akan yi wa mutum robar da zai riƙa sawa a kan haƙora. Likitan haƙori zai ɗauki zubin haƙoranka, a ƙera roba mai tauri da za ta rufe dukkan haƙoran sama ko na ƙasa, kaurinta kamar milimita 2 a wajen turame. Ranar sawa zai ba ka wata siririyar takarda mai launi ka ciza, duk inda ya fi tudu ya goge, har haƙora su riƙa sauka a kanta daidai. Wannan gugar ita ce aikin. Akan koma bayan mako ɗaya ko biyu a sake gyarawa, don cizo kan sauya in naman muƙamuƙi ya saki. A Zariya ana iya farawa da sashen haƙori na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.

Tana warkarwa?

Hutu take ba gaɓar, tana kuma kare haƙoran mai cizon haƙora cikin barci. Wasu na samun sauƙi cikin 'yan makonni, wasu ba sa ganin bambanci. Dole a haɗa da abinci mai laushi, gashi da tsumma mai ɗumi na minti 10 zuwa 15, da barin cingam.

Ina ake samun matsala?

Robar da ta rufe wasu haƙora ta bar wasu kan sa waɗanda aka bari su ƙara fitowa, cizo ya karkace. Haka ma sa ta dare da rana tsawon watanni ba da umarnin likita ba. Galibi ta dare ce kawai. Mai laushin nan da ake saya a kanti kuwa, wasu tauna ta suke yi cikin barci, ciwon ya ƙaru. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa ya faɗa wa likita tun kafin a auna shi.

Wankewa fa?

Ruwan sanyi, sabulu da buroshi mai laushi kowace safiya. Ruwan zafi na lanƙwasa ta, man goge baki kuma yana kankare ta.